Kafintan Wusasa

Da na yi ritaya sai na tattara na dawo gidanmu na cikin birni, can wajen Ƙofar Kuyambana. Maigidana ya rasu, 'ya'yana kowa ya kama gabansa, ni kuwa ba zan zauna a gidan haya ina hira da bango ba. Yayana, wanda riƙon gidan ya koma hannunsa tun rasuwar mahaifinmu, ya ce in zo in shiga ɗakin Inna. Na zo da akwatunan tufafi da wani buhu mai nauyi, har direban motar ya tambaye ni ko duwatsu na kwaso. Zarto ne da guduma da sauran kayan aikina.

Duk rayuwata zanen gini da aikin katako nake koyarwa a makarantar koyon sana'a. Yaran da suka bi ta hannuna, wasu yau su ke ɗora rufin manyan gidaje. Amma ga abin da ya daɗe yana ci mini rai: ko akurkin kaza ban taɓa ginawa da hannuna tun daga ƙasa har sama ba. Ni ce mai zane, ni ce mai ba da maki, amma da an jingina tsani sai a ce, "Malama, ki tsaya daga nan, za mu yi." Na tsaya daga ƙasa har furfura ta cim mini. Ina so kafin in mutu in ga abu guda a tsaye wanda kowace ƙusa a jikinsa ni na buga ta. Ba yawancinsu ba, duka.

A ƙuryar gidanmu akwai kangon garken awakin Inna, ya zama matattarar fasassun tukwane da ƙadangaru. Nan na sa wa ido. Ɗakin aiki nake so, ƙarami, inda zan riƙa haɗa kujeru 'yan tsugunno da akwatuna, in huta da zaman jiran azahar. Siffarsa kuwa tana kaina tun wata ziyara da muka kai ɗalibai wata gonar shanu a wajen Shika. Can na ga ɗakin ajiyar ciyawa mai wani irin rufi: kowane ɓangare ya taso kusan a miƙe, sai ya karye kamar gwiwa, ya kwanta ya haɗu da ɗan'uwansa a tsakiya. Gwiwar nan ita ce dabarar, don tana bar maka sarari a sama, ka shimfiɗa katako ka sami wurin ajiya ba tare da ka yi bene ba. Na zana shi da ƙofa mai murfi biyu, na juya bayansa gabas inda hadari ke tasowa, na kuma auna yadda ruwan rufin zai zuba a cikin gidanmu, don na san in ɗigo ɗaya ya faɗa wa maƙwabci sai mun gurfana gaban mai unguwa.

Na kai wa Yaya zanen a zaure. Tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma ne, kuma shi ke jan salla a masallacin unguwa in liman ba ya nan. Ya gyara tabarau, ya juya takardar nan, ya sake juya ta.

"Auta," in ji shi, don har yau da jikokina haka yake kirana, "wannan ɗaki ne ko kwalekwale aka kife?"

"Ɗaki ne, Yaya."

"To, Allah ya sa alheri. Wa zai gina?"

"Ni."

"Na ji, ke za ki tsaya a kan aikin. Wa zai hau sama?"

"Ni dai."

Ya cire tabarau ya yi salati mai tsawo, irin wanda ake yi in an ji rasuwa.

Wanda bai zauna cikin birni ba sai an yi masa bayani. Gidajenmu manne suke da juna, katanga ɗaya ce tsakaninka da maƙwabci, kuma rayuwar mata duk a tsakar gida take: girki, wanki, kitso, shan iska ba mayafi. Saboda haka duk namijin da zai hau rufi, ko da kaza zai kamo, sai an sanar da maƙwabta tukuna, mata su shige ɗaki har ya sauko. Na ce wa Yaya to ai abin ya zo da sauƙi, ni mace ce, ba wadda za ta ɓuya saboda ni.

"Sauƙi? So kike gobe a ce 'yar gidan Malam, uwar mata, tana tsalle-tsalle a kan rufi? Da wane ido zan shiga masallaci?"

Muka yi ta ja. Ni Allah ya yi ni da taurin kai, shi kuma ya san haka tun ina goye. Daga ƙarshe ya gindaya sharaɗi. Zan sa rigar aiki irin ta makanikai, in kifa malafa, in naɗe fuska da ƙyalle, in kuma kulle bakina muddin ina sama. Shi zai sanar da maƙwabta kamar yadda aka saba, cewa kafinta zai hau. Amma ranar da namiji ɗaya a unguwar nan ya buɗe baki ya ce mace ce a kan rufin, ranar zan sauko, a kira kafinta na gaske ya ƙarasa. Na ce na yarda. Me zan ce?

Aikin ƙasa bai ba ni matsala ba, don ba mai ganina sai matar Yaya, ita kuwa tun ina budurwa muke tsokanar juna. Na kafa turaku na ja igiya, na auna kusurwa zuwa kusurwa har suka yi daidai. Na haƙa tushe, na kwaɓa siminti, na jera bulo zuwa ƙugu, ina gwada tsayinsa da tiyo mai ruwa a ciki. Daga nan sama duk katako ne, na shafe shi da baƙin mai saboda gara, har matar Yaya ta ce tuwonta ya fara warin gareji. Bayana ya yi ciwo, hannuna ya yi kanta, na yi baƙi na rame. Ban taɓa jin daɗin barci irin na kwanakin nan ba.

Ƙashin rufin a ƙasa na haɗa shi. Na zana guda ɗaya da gawayi a daɓen tsakar gida, daidai girmansa, sai in ɗora katako a kan zanen in yanka in buga, don kowanne ya fito daidai da ɗan'uwansa. Na hana kowa taka zanen. Kwana da kwanaki mutanen gida suna raɓa bango in za su banɗaki, Yaya ma da butarsa haka yake bi yana gunaguni.

Ranar da za a fara hawa, Yaya ya dawo daga sallar asuba yana gumi, alhali gari da sanyinsa. Ashe ya yi sanarwa, sai Alhajin bayan katangarmu ya tare shi. Alhajin nan abokin Yaya ne tun suna yara, ni ma Yaya Alhaji nake ce masa. Tsohon magatakardan kotu ne, kuma ritaya ba ta raba shi da tambaya ba. Ya ce wane kafinta ne, ɗan gidan wa? Yaya ya san duk kafintan da ya ambata a birnin nan, Alhaji ya san shi, ya san kakansa. Sai bakinsa ya suɓuce ya ce wani ne daga Wusasa, can bayan gari.

"Auta, kin sa na yi ƙarya a ƙofar masallaci," in ji shi.

"Ni ban ce ka ce Wusasa ba, Yaya."

Ƙaryar nan kuwa sai ta yi ta haihuwa. Da azahar aka ce ba a ga kafinta a sahu ba, Yaya ya ce Kirista ne. Aka ce ba a ga shigarsa ta zaure ba, ya ce ta ƙofar lungu yake bi. Alhaji ya ce ya yi masa sannu da aiki bai amsa ba, Yaya ya ce kunnensa da nauyi. Kafin mako ya zagayo, bawan Allahn nan ya sami mata da 'ya'ya da ciwon ƙafa. Ranar Lahadi ta farko na sa rigata na kama tsani, sai ga Yaya a guje, hula a hannu.

"Sauko! Yau Lahadi, mutumin yana coci!"

Haka na riƙa hutun Lahadi dole, ina zaune ina kallon aikina ina cizon yatsa.

Tayar da ƙashin rufi kuwa ba aikin mutum ɗaya ba ne. Ni ina sama, dole wasu su ja igiya daga ƙasa. Matar Yaya ta gwada ita kaɗai, katakon ya ɗaga ta maimakon ta ɗaga shi. Sai ta yafa mayafi ta fita, ta dawo da Hajiya matar Alhaji, da matar wani tsohon hedimasta da ke ɗaya gefen namu. Hajiya ta shigo tana rufe fuska saboda kafinta. Na kwance ƙyallen na ce, "Hajiya, ina kwana?"

Ta dube ni, ta dubi malafar, ta zauna a kan turmi ta yi dariya har da hawaye. Da ta lafa sai na ga idonta yana wani ƙyalli.

"Auta, wa ya sani ban da mu?"

"Yaya kawai."

"To kar ki kuskura kowa ya ji. Kin san tuwon jiya wa ya tuƙa a gidana?"

Ashe Alhaji ne ya ɗaure kansa da kansa. Shi ne tun da can ya kafa doka a gidansa cewa in namiji yana sama, matarsa ko da hijabi har ƙasa ba ta taka tsakar gida. Shi ne kuma ya hana a sayi gas, wai tuwon gas ba ya da ɗanɗano, sai na itace. Murhu yana tsakar gida, 'ya'ya duk sun yi aure, daga shi sai ita. To wa zai tsaya kan tukunya? Sauran mazan kuma ba mai son a ce Alhaji ya fi shi kishin iyali, kowa ya bi sahu.

Wayyo, abin da idona ya gani daga saman nan! Ni da na ɗauka wahalar aikin ita ce rana da nauyin katako, ashe riƙe dariya ne. Ga Alhaji tsugune gaban murhu, ya kama muciya da hannu biyu, hayaƙi na shiga masa ido. Ga muryar Hajiya daga bayan labule, a miƙe take a kan gado, rediyo na yi mata waƙa.

"Alhaji, ka rage wutar. Alhaji, ina jin ƙauri. Ka zuba garin a hankali mana, jiya duk gudaji ne."

Can ɗaya gefen ga hedimasta yana shanya, ya riƙe zanen matarsa da yatsu biyu nesa da jikinsa, yana waige-waige. Mutumin da ya yi shekaru yana sa yara tsallen kwaɗo, ga shi yana korar kaji daga shanyar barkono suna raina shi. Sai in cusa ƙusoshi a baki in datse, kafaɗuna na rawa, in yi kamar ina auna wani abu. Wani lokaci sukan ɗago su dube ni, amma Allah ya yi ni doguwa busasshiya, ga safar hannu ta rufe lalle. Ba abin da suke gani sai wani siririn mutum mara fara'a.

Da la'asar in na sauko, matan sukan shigo da ƙoƙon fura ko ɗan dambu, wai sun kawo wa kafinta. Hajiya ta yi ƙiba a kwanakin nan, fuskarta ta yi sheƙi. Kullum roƙonta ɗaya.

"Auta, saurin me kike yi? Ki riƙa hutawa mana. Ki cire wancan ki sake bugawa, kamar ya karkace."

Na ce mata ba abin da ya karkace a aikina. Amma ranar da ta ce tana da wankin barguna, na hau tun da hantsi na zauna a inuwar gwiwar rufin ina ƙwanƙwasa katako ɗaya har Alhaji ya matse bargo na ƙarshe. Zumunci ai ya fi gaban wasa.

Sai dai ni ma ina da abin da ke korata. Zafi ya kai maƙura, gabas ta fara haɗa gira da yamma, kuma katakon da ba a rufe ba in ya sha ruwa murɗewa yake yi. Na gama jera katakon da kwano zai kwanta a kai, na fara rufi daga ƙasa ina yin sama, kowane kwano ya hau kan na ƙasansa. Rufi mai gwiwa yana da wuyar sha'ani: ɓangaren ƙasa a miƙe yake, ba wurin tsayawa, sai na ɗaura igiya a ƙugu na ɗaure ta a ƙoƙuwar rufin. Kwano ya yanke ni, guduma ta sami babban yatsana har farcen ya fita, kuma ko "wash" ba ni da ikon cewa.

Mazan kuwa haƙurinsu ya ƙare. Suka fara kai ƙara wajen Yaya, wai wannan kafinta malalaci ne, ɗan wannan ɗaki sai ka ce masallacin Juma'a yake ginawa. Alhaji ya ce a sallame shi, shi zai kawo wanda zai gama a yini guda. Yaya ya ce an riga an yi magana da mutum, ba kyau a saɓa. Sai Alhaji ya koma yi mini faɗa kai tsaye ta kan katanga, da ƙarfi saboda nauyin kunnena. Na sha zagi a bakin mutumin da ya taɓa saya mini alewa. In ya yi ya yi, sai in ɗaga masa guduma alamar na gode, abin ya ƙara tunzura shi.

Ranar da abin ya faru, saura layin kwano na can sama da hular da ke rufe tsakiyar rufin. Aikin yini ɗaya. Iska ta taso tun da hantsi, irin mai zuwa kafin ruwan farko. Alhaji ya ci ado da babbar riga zai tafi ɗaurin aure, har ya kai bakin zaure Hajiya ta kira shi, wai ya ɗan juya miya kafin ya fita. Ya dawo yana huci, ya juya miyar, sai ya juyo wajena da ludayi a hannu, ya ba murhu baya.

"Kai kafinta! Kai nake wa magana! Tun da uwata ta haife ni ban taɓa ganin mutum mai sanyin jiki irinka ba!"

Iska ta ɗauki gefen rigar ta jefa a murhu. Ina kallo shaddar nan ta kama.

Na buga guduma a kwano da ƙarfi, na nuna bayansa da hannu. Ya ɗauka rashin kunya ce.

"Ni kake nunawa da yatsa? Ni?"

Wutar ta fara hawa, shi bai ji ba saboda yawan rigar. Na san abin da zan rasa in na buɗe baki, wallahi na sani. Na fizge ƙyallen na kwarara ihu da muryar da duk unguwar ta sani tun ina yarinya.

"Yaya Alhaji! Wuta! Rigarka ta kama! Hajiya, fito da ruwa!"

Hajiya ta fito a guje ba ko ɗankwali, ta sure bokitin wanke-wanke ta sheƙa masa tun daga ka. Ya fizge rigar ya yar, suka tattake ta. Allah ya kiyaye, ɗan ƙuna ne kawai a ƙwauri. Sai Hajiya, don ruɗewa, ta ɗaga kai ta ce, "Auta, Allah ya yi miki albarka!"

Alhaji yana tsaye daga shi sai 'yar ciki, ruwan wanke-wanke na ɗiga daga gemunsa. Ya dube ni, iska ta riga ta tafi da malafar, ga kitsona a waje. Ya dubi Hajiya. Ya dubi ludayin da har yanzu yake hannunsa. Can gefe hedimasta ya saki zanen da yake shanyawa ya faɗi a ƙasa.

"Sauko," in ji Yaya daga gindin tsani, a hankali.

Na sauko. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce na kyauta, ran mutum ya fi rufi, amma magana magana ce. Yanzu za su zo, kuma da sun faɗa, gobe zai aika a kira kafinta. Na shiga ɗakin aikin nawa na zauna a kan guntun katako, na ɗaga kai ina kallon siririn sararin da ya rage a sama. Tazarar ba ta fi in miƙa hannu biyu ba. Wani ƙato zai zo ya rufe ta kafin ya gama cin goronsa, shi ke nan ɗakin ya zama wanda na kusan ginawa. Na yi kuka, ba na ɓoyewa, kukan haushi irin wanda rabona da shi tun ina amarya.

Bayan la'asar muka ji sallama. Ni da matar Yaya muka lallaɓa muka manne a bayan ƙofar zaure. Alhaji ne da hedimasta da wasu dattawa biyu, duk waɗanda suka sha hayaƙi a makonnin nan. Aka gaisa, aka sake gaisawa, aka tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, aka yi maganar zafi. Ina jin Yaya yana ta gyaran murya. Can Alhaji ya ce:

"Malam, wannan kafinta naka na Wusasa."

"Na'am."

"Muryarsa siririya ce."

Matar Yaya ta damƙe hannuna.

"E to," in ji Yaya, "haka Allah ya yi shi."

"Haka Allah ya yi shi," in ji Alhaji. "Kowa da irin halittarsa. Ko ba haka ba, hedimasta?"

"Ƙwarai kuwa. Ni na taɓa koyar da wani yaro mai irin muryar nan."

Sai a lokacin na gane. Wanne daga cikinsu zai tashi a gaban jama'a ya ce mace ce? In ya faɗa, ya faɗa wa duniya ke nan cewa makonni ya yi yana tuƙa tuwo da wankin barguna a banza, matarsa na kwance tana jin rediyo tana yi masa dariya. Kafin magariba labarin ya kai Ƙofar Doka. Gara kafintan ya zauna a namijinsa.

"Ka gaishe shi," Alhaji ya ci gaba. "Ka ce na gode. Na yi masa kalamai marasa daɗi, ya yafe mini, ban san kunnensa yana ji haka ba. Aikin saura yaya?"

"Na yini ɗaya ne."

"To ya gama gobe, don Allah, kafin ruwa ya sauko. Shi da kansa, kar a kawo wani ya ɓata masa aiki. Mu gobe ba ma nan. Za mu dubiya unguwar Tukur-Tukur, mu duka, tun safe har la'asar. Da kai za a je."

"Subhanallahi, wa ba shi da lafiya?"

"In mun je ba za a rasa ba."

Matar Yaya ta toshe bakinta da mayafi, ta durƙushe a wurin. Ni kuwa dariya da kuka suka haɗe mini, na rasa wanda zan fara.

Da suka tafi Yaya ya shigo, ya same mu muna ta kakkaɓe zane kamar masu aiki. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Ba wanda ya ce komai," in ji shi. "Ki gaya wa mutumin naki ya kwana da shiri."

Washegari da hantsi muka ji fitarsu, ana ta tari da buga sanda a lungu don kowa ya shaida an tafi. Na ɗauko rigar makanikan na dube ta, na mayar. Na sa wando a ƙarƙashin zanena, na ɗaure ƙugu tamau, na ɗaura ɗankwalina na zuwa biki. Na kama tsani na hau.

Da kaina ya wuce katanga sai na tsaya cak. Kowace tsakar gida cike take da mata. Ba maƙwabtanmu kaɗai ba, har na lungun baya, har tsofaffin da sai an riƙe su suke tafiya, an shimfiɗa musu tabarma inda za su hango. Wasu sun kife turmi sun hau suna leƙowa ta kan katanga. Ba mai girki, ba mai wanki, kowa ta ɗaga kai sama.

Na ƙarasa hawa na zauna a ƙoƙuwar rufin. Makonni ina nan sama kamar kurma. Na cika ƙirji na ce, "Ina kwananku?"

Amsar ta taso daga ko'ina a lokaci guda, har tattabarun hedimasta suka tashi.

Na yi aikina a gabansu, ina magana, ina neman a miƙo mini kaza, ana miƙowa. Suna gardama a kan ko layin ya miƙe, tsofaffi na yi mini addu'a duk sanda na matsa gaba. Gabas ta yi baƙi ƙirin, iska na kaɗa ɗankwalina, ban yi gaggawa ba. Na ɗora hular rufin, na bi ta da ƙusa har ƙarshe. Da ta rage guda ɗaya sai na ɗaga ta sama don kowa ta gani.

"Auta!" in ji Hajiya daga kan turminta. "Ba za ki ƙara bene ba? Ki tausaya mana!"

Aka kwashe da dariya. Na saita ƙusar na buga, na sake bugawa, ta shige har wuya. Matar Yaya ce ta fara rangaɗa guɗa, Hajiya ta karɓa, gida ya ba gida har inda ba na iya hangowa. Rabon da a yi mini guɗa tun ranar da aka fitar da ni daga gidan nan a lulluɓe, ina kuka, ban ga fuskar ko ɗaya daga masu yi ba. Yau ina sama da kowa, idona a buɗe, ina ganinsu ɗaya bayan ɗaya.

Suka yi ta kira in sauko a ci abinci. Na ce su ba ni ɗan lokaci.